Yayana ne ya zana bangon wasan, amma ba mai tsayawa ya duba

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou a nan Damagaram. Ni da abokina mun haɗa wasan kwamfuta irin wanda ake kira RPG, wato wanda mutum ke shiga rigar jarumi ya bi labari, yana yaƙi yana ƙara ƙarfi. Labarin ɗan wani madugu ne da aljanu suka ɓatar da ayarin mahaifinsa a hanyar Agadas, ya hau raƙumi ya fita nema. Da manhajar haɗa wasanni mai suna RPG Maker muka yi shi. Mun yi karo-karo mun biya kuɗin Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, mun buɗe shafin da ke cewa wasan yana nan tafe, amma wata da watanni ba wanda ya saka shi a jerin burinsa, wato jerin wasannin da yake son saye, in ba ƴan fadarmu ba.

Hoton bangon Yayana ne ya zana, ɗan baffana, mai rubuta allunan shaguna da bayan motoci a Zango. Ko dala bai karɓa ba. Na zauna na ba shi labarin kaf, na ce ina son kowa ya fito: jaruman biyar, sarkin aljanu, ayarin, ganuwa, fada, har da wata. Ya yi shi da fenti a kan katako, muka ɗauka da waya. A ido abin sha'awa ne, a Steam kuwa ba a gane komai. Abokina ya ce mu cire shi, mu sa AI ta yi mana irin na Turawa, jarumi cikin sulken ƙarfe da dodo mai aman wuta. Ni kuma nauyin Yaya nake ji. Duk haɗuwarmu sai ya tambaye ni ko Turawa sun ga aikinsa. Ina mafita?

Wani ɗalibi, Birni, Damagaram

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannunku da ƙoƙari. Haɗa wasa har ya kai ga buɗe shafi, a inda kuran ke zuwa yana tafiya kuma rezo ke yin yadda ya ga dama, ba ƙaramin aiki ba ne.

Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Hoton bai yi aiki ba, gaskiyarka, amma ba hannun Yayanka ne ya gaza ba. Kai ne ba ka faɗa masa aikin da ake bukata ba. Ka je wurin mutumin da ya yi shekara da shekaru yana rubuta allon da ɗan kabu-kabu zai karanta yana cikin gudu, ka ce ya zuba maka mutum biyar da sarkin aljanu da ayari da ganuwa da fada da wata a fili ɗaya. Ya yi maka yadda ka ce, don kai ne mai kaya, kuma kai ne ɗan jami'a da ya san kwamfuta. Da mai aski ne ya zo masa da irin wannan bukata, da ya ce masa a'a: kai guda mai kyakkyawan aski, suna da manyan baƙaƙe, lambar waya, shi ke nan. Bangon wasa a Steam allon shago ne. Ilimin da kake nema yana hannun mutumin da kuke shirin ajiyewa.

Shin ka taɓa gaya masa girman da ake ganin hoton? Kamfanin Valve, mai Steam, yana neman hoton bango iri-iri, suna ce musu kafsul. Na saman shafi faɗinsa fiksel 920, tsayinsa 430. Babban, wanda ke fitowa a shafin farko in Allah ya kai ku can, 1232 da 706. Akwai na tsaye mai 748 da 896, akwai na ɗakin ajiyar ɗan wasa mai 600 da 900. Amma wanda ya fi su wahala shi ne ƙaramin, 462 da 174, wanda ke fitowa a sakamakon bincike da dogayen jeri, kuma ko shi Steam tana ƙara matse shi har ya koma 120 da 45. A allon kwamfuta wannan wajen santimita uku ne a faɗi, tsayinsa ɗaya da ɗan wani abu. A cikin wannan fili jarumanka biyar ke turereniya da raƙuma. Sama da su da ƙasa da su kuma wasannin wasu ne: a shekarar 2024 kaɗai sabbin wasanni sama da 18,000 suka fito a Steam, kusan hamsin ke nan kowace rana. Mai saye yana jan jerin yana wucewa, ido bai daɗe a kan kowa ba.

Kafin ka ɗora wa hoton laifin duka, ka shiga shafinku na Steamworks, inda masu wasa ke kula da wasansu a Steam, ka duba alƙaluma biyu: sau nawa aka nuna kafsul ɗinku, sau nawa kuma aka latsa aka shigo. Idan ana nunawa da yawa ba a shigowa, hoton ne. Idan ana shigowa ana fita ba a saka wasan a jerin buri, matsalar tana cikin shafin, bidiyo ko hotuna ko bayani. Idan kuwa tun farko ba a nuna ku sosai, ko wa ya zana bangon ba zai cece ku ba, sai kun gyara laƙabobi, wato kalmomin da ke bayyana irin wasan, kun kuma fita kun yi shela. Zato na ukun duka suna damunku, amma ka duba da idonka.

To me zai zana? Mutum ɗaya, abin tsoro ɗaya, da suna. Mutumin shi ne ɗan madugu, tunda rigarsa mai wasa zai shiga. Sauran huɗun su jira a ciki, za a haɗu da su. Kada a zana shi tun daga ƙafa har kai yana tsaye can nesa. A jawo shi kusa, daga ƙirji zuwa sama, rawanin shuni ya rufe hanci da baki, idanu kaɗai a waje, hamilar takobi ta ratsa kafaɗa, layu a wuya. Abin tsoron kuma ba sai kun aro dodon kowa ba. Duk yaron da ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake cewa yana cikin guguwa idan ta taso da rana tsaka tana juyi da kara da ƙura. A sa guguwa guda a bayansa, doguwa har ta fice daga saman hoton, da idanu biyu a cikinta, a gindinta raƙuma biyu ko uku ƙanana tana haɗiye su. Labarinka ke nan gaba ɗaya: ayari, aljanu, da mai nema. Ɗan wasan Brazil ko Jamus bai san zancen guguwa da aljani ba, amma ya san iska ba ta da ido, kuma zai so ya ji dalili.

Masu zanen wasanni suna da wani gwaji: su cike siffar jarumi da baƙi ƙirin, su ga ko ana gane shi daga inuwarsa kawai. Rawani mai amawali yana cin wannan gwaji, wuyan raƙumi ma haka. Da jaruminka mahayin doki ne, da na ce a sa masa lifidi da kwalkwali irin na mayaƙan zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma tara igwa a ƙarni na 19, don ba a cika ganin siffa irin ta doki mai lifidi a kasuwar wasanni ba. Amma wannan wani wasa ne daban. Naka a cikin rairayi yake, saboda haka ganuwa ta fita. Fada ma ta fita, har da wani dalili na biyu: fadar Damagaram gida ce mai rai, da Sarki a ciki, ba kufai ba ce da za a ɗora wa sarkin aljanu a ka a kai kasuwar duniya. Haka nan in kuna son ado da rubutun ajami a gefe, ku rubuta sunan wasan ko kalmomin yau da kullum. Kada aya ta shiga, kada sunan Allah ya shiga. Ba sai na faɗa maka abin da zai biyo baya a gari ba.

Launi yana da nasa tarko. Shafukan Steam shuɗi ne mai duhu, ya kusa baƙi. Idan kuka yi dare da wata da shuɗin sama, hotonku zai nutse cikin shafin. Shi ya sa watan ma zai fita. A yi bayan hoton da launin jar ƙasa da ruwan goro irin na faɗuwar rana a lokacin hunturu, rawanin shuni ya zauna a kansa ya fito fes. Launi biyu manya sun isa, na uku a ajiye shi don idanun guguwa kawai. In an gama, ka mayar da hoton baƙi da fari a waya. Idan jarumin ya narke cikin bayansa, haske da duhun ba su rabu ba, a sake.

Sai suna. Ba ka faɗa mini sunan wasan ba, amma mutumin da ya so a zuba abu shida a bango ɗaya ina jin sunansa ma zai yi tsawo. Kalma ɗaya ko biyu. Sunan Hausa ba laifi ba ne, yana ma iya zama abin da zai bambanta ku, sai dai ka zaɓi wanda ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ, domin wanda ya ji labarin wasan a bakin wani zai je ya rubuta a akwatin bincike, kuma madannansa ba su da waɗannan baƙaƙe. A ƙaramin kafsul sunan ne zai cinye kusan duk filin, fuskar jarumi ta raɓe a gefe. A nan ne Yayanka ya fi kowane salon rubutu na kwamfuta: baƙaƙen da yake ja da buroshi a bayan mota, masu kauri da inuwa a gefe, an yi su ne don a karanta daga nesa. Ka bar shi ya rubuta da hannunsa. Kada ka ce ya yi irin rubutun nan mai ƙayoyi da lanƙwashe-lanƙwashe da wasannin Turai ke yi, in aka matse shi ba ya karantuwa. Kuma tun 1 ga Satumban 2022 Valve ta hana a sa komai a kafsul in ban da zanen wasan da sunansa da ƙaramin takensa. Ba maki, ba lambar yabo, ba “wasan farko daga Damagaram”. Wannan a cikin bayani za ku faɗe shi.

Wani zai ce ai Skyrim, wanda ya fito a 2011, bangonsa baƙi ne da tambarin dodo kawai, ba fuska ba komai, kuma ya sayu. Shi na biyar ne a jerin da mutane suka daɗe suna bi. Ku ba wanda ya san ku tukuna.

Yadda kuka ɗauki hoton ma ya cuce ku. Fentin mai a kan katako yana ƙyalli, waya kuma tana ɗaukar ƙyallin ta wanke launin. Wannan karon ya yi aikin da fenti marar sheƙi, kuma kada ya haɗa komai a allo ɗaya. Jarumi a farar takarda mai kauri shi kaɗai, guguwa ita kaɗai, sararin baya shi kaɗai kuma mai faɗi sosai, suna shi kaɗai baƙi a kan fari. Idan takardun sun shiga na'urar sikan ta masu fotokofi, ya fi. Ka ce su ɗauka da ƙarfi, ɗigo 300 a inci ko sama. Idan sun yi girma, ka jingina su a inuwar katanga da safe, ka kafa wayar a kan kujera daidai tsakiyar zanen, ba filasha, ka sa ta ɗauka da kanta bayan ƴan daƙiƙu don kada hannu ya girgiza. Sannan ka yanke kowanne a manhajar gyaran hoto, GIMP ko Krita, duka kyauta ne, ka jera su hawa-hawa. Dalilin rarrabawar shi ne kafsul na kwance da na tsaye ba a yanko su daga hoto ɗaya su yi kyau. A na kwance jarumi yana gefe suna yana gefe, a na tsaye suna yana sama ko ƙasa. Ɗakin ajiya kuma yana neman wani dogon hoto mai 3840 da 1240 wanda ba rubutu a kansa ko kaɗan, da tambarin suna daban marar bango a bayansa. Mai allo ɗaya ba zai iya ba da waɗannan ba. Tun ran gini ran zane.

Yanzu maganar abokinka. Ban ga laifinsa da ya gaji ba, amma shawararsa ta fi hoton yanzu haɗari. Jarumi mai sulken ƙarfe da dodo mai aman wuta ba sa cikin wasanku. Wanda ya latsa saboda su zai shigo ya tarar da raƙumi da rijiya, ya fita. Wanda ya saya bisa kuskure yana da kwana 14 ya karɓi kuɗinsa muddin bai buga awa biyu ba, kuma kafin ya tafi yana iya barin muku mugun sharhi. Wasa ba ya samun makin sharhi a Steam sai mutum goma da suka saya sun rubuta, ka ga a wurin ƙaramin wasa mutum uku masu fushi sun isa su ɓata farawa. Bayan haka, tun Janairun 2024 Steam tana tambayar mai wasa ko ya yi amfani da AI, amsar kuma tana fitowa a shafin kowa ya gani, kuma cikin masu sayen ƙananan wasanni akwai da yawa da ke juya baya da zarar sun ga haka. Ko ba wannan ba, me za ku samu? Hoto mai santsi da ya yi kama da dubu irinsa a jeri ɗaya. Wanda ke son jarumin Turai yana da manyan kamfanoni da suka kashe miliyoyi a kansa, ba zai tsaya wurinku ba.

An taɓa yin irin wannan. Wasan Ico na 2001 ya fita da bango biyu. Na Japan da Turai mai wasan ne da kansa, Fumito Ueda, ya zana: yara biyu riƙe da hannun juna suna gudu a gindin wani ƙaton gini. Na Amurka kuwa aka yi shi da kwamfuta, yaro mai ƙaho a gaba ya ɗaure fuska da makami a hannu. Har yau na Amurkan ake kawowa misali in ana zancen mummunan bango. (Kada ka kwaikwayi na Japan ɗin ma, an yi shi ne don kwalin da ake ɗauka a hannu a kanti, yaran sun yi ƙanƙanta ga kafsul.) Kusa da mu kuma akwai Aurion, wanda Kiro'o Games na Kamaru suka fitar a Steam a 2016. Ba su ɓoye cewa duniyar wasansu daga Afirka aka ɗebo ta ba, ita ce ma ta sa jaridun waje suka yi ta rubutu a kansu.

In bango ya jawo mutum, abin da ya tarar a ciki ne zai riƙe shi. Bidiyon talla ya fara da wasan kansa tun daƙiƙar farko: ana yaƙi, ana tafiya, ana magana da wani. Kada ku ɓata farkonsa da tambarin ƙungiyarku yana juyi a baƙin allo, kuma ku tuna da yawa suna kallo ba sauti. Hotunan cikin wasa aƙalla biyar Steam ke nema, kuma sai na ainihin wasan, ba zane ba. Mai son RPG yana da abin da yake dubawa: yaya ake yaƙi, bi da bi ne ko kai tsaye, yaya allon kaya da makamai yake, akwai taswira, yaya hira take. Ku ba shi kowanne a hoto guda, kada biyar ɗin su zama jarumi yana tsaye a fili.

A nan RPG Maker zai iya tona ku. Kayan da ke zuwa da shi, korayen itatuwa da gidaje masu jan rufi da fuskokin nan masu manyan idanu, ƴan wasa sun gan su har sun gaji, kallo ɗaya suke gane su. Idan bango ya yi alkawarin Sahara, hoton farko kuma ya nuna ƙauyen Turai da aka sa wa sunan Tanut, kun rushe abin da bangon ya gina. Ba sai kun sake komai ba. Ku fara da abin da zai fito a hotunan nan biyar: katangar ƙasa mai zanko, rumbu, kuka, rijiya da guga, duwatsun nan irin na Birni, da fuskokin jaruman a akwatin hira. Fuskokin ma Yaya zai iya zana su, sai bango da cikin wasa su zama hannu ɗaya.

Gajeren bayanin da ke ƙarƙashin kafsul baƙaƙe 300 ne iyakarsa. Kada ku fara da “a wani zamani mai nisa, a wata daula”. Ku faɗi abin da mutum zai yi. Misali: “Aljanu sun haɗiye ayarin mahaifinka. Ka tara abokan tafiya huɗu, ka ƙetare hamada daga rijiya zuwa rijiya, ka yi yaƙin bi da bi da takobi da laya, ka yi ciniki da iskokin da ba a kashe su da ƙarfe.” Ku gyara shi ya dace da abin da ke cikin wasan, sannan a juya shi zuwa Ingilishi da Faransanci. Faransancin kun iya. Ingilishin ku nemi wanda ya iya sosai ya duba, ko cikin ɗaliban sashen Ingilishi ko cikin ƴan'uwa na Kano da Katsina, don kuskure a layin farko yana sa a ɗauka wasan ma haka yake. In akwai Hausa a cikin wasan, ku saka ta a jerin harsuna, Steam ta tanadi gurbinta. Laƙabobi kuma har 20 ake sawa, na saman su ne suka fi nauyi wurin yanke shawarar wa za a nuna wa wasan. Ku cike su, ku sa waɗanda suka fi bayyana irin wasan a gaba. Bikin Next Fest, inda Steam ke baje wasannin da ba su fito ba tukuna, wanda ake yi a Fabrairu da Yuni da Oktoba, sau ɗaya tak wasa ke shiga. Kada ku ƙona damar da tsohon bango.

Abu ɗaya da zan ce a gurguje: ƴan fadarku a waya suke wasa, kuma kaɗan ne ke da katin da Steam ke karɓa. Dalar Amurka 100 da kuka biya, sama da jika hamsin ke nan, ba ta dawowa sai wasan ya yi cinikin dala 1,000, kuma daga waje wannan ciniki zai zo. Don mutanen gida ku sa ɗanɗanon wasan a shafin wasanni na itch.io, kyauta ake ɗorawa, hoton bangonsa 630 da 500. In kun kai ga Google Play, can alamar wasa murabba'i ce mai 512 da 512, ba ta ɗaukar komai sai fuska. Idanun nan cikin rawani sun ishe ta.

Saura yadda za ka tunkari Yaya, wanda na san shi ne ainihin abin da ya hana ka barci. Kada ka aika saƙo, kada ka yi maganar a gidan Baffa, kada kuma ka yi ta a gaban yaran shagonsa. Ka same shi bayan la'asar in aiki ya lafa. Ka buɗe Steam a waya, ka nemo jerin wasannin RPG inda naku yake tsakanin na wasu, ka miƙa masa ba tare da ka nuna ba, ka ce: “Yaya, don Allah nemo mini namu a nan.” Gani ya kori ji. Zai ɗan daɗe yana nema, kuma kafin ka buɗe baki ya riga ya gane, don sana'arsa ce. Sannan ka ɗauki laifin, tunda naka ne: “Yaya, ni na yi kuskure. Ban gaya maka a wannan girman ake ganinsa ba, na sa ka cika shi da kaya. Da allon shago ne, yaya za ka yi shi?” Daga nan ka yi shiru ka saurara. Kada ka zo masa da zancen guguwa da rawani a matsayin umarni, ka ajiye shi a matsayin shawara bayan ya faɗi tasa. Mai yiwuwa tasa ta fi tawa.

Ka roƙe shi ya fara da ƙananan zane uku ko huɗu da biro, kowanne kamar girman katin waya, kafin ya taɓa fenti. Ka ɗauke su, ka matse su, ka nuna wa mutanen da ba su san wasan ba kuma ba sa jin kunyarka, na daƙiƙa biyu, ka kife wayar ka tambaye su me suka gani, wane irin wasa ne, me sunansa. Ƴan fada ba za su yi wannan aiki ba, sun riga sun san amsa kuma suna sonka. Abokin aikinka ya kasance a wurin gwajin. In ya ga baƙo ya karanta sunan ya ce “yaƙi da aljanu ne a hamada”, gardamar AI ta mutu ba tare da kun ɓata ba.

Tsohon zanen kuma kada a jefar. Ba zai shiga cikin hotunan shafi ba tunda doka ta ce sai na cikin wasa, amma yana da wuri: allon farko idan an kunna wasan, inda ya cika fuskar kwamfuta kuma mutum ke da lokacin kallon kowa da kowa. Can ne jarumai biyar da ganuwa da wata za su yi kyau, in an goge fadar. Ka gaya masa haka tun a zaman farko.

Wannan karon ka biya shi. Zai ƙi, zai ce kai ƙanensa ne. Ka sayi fenti da takarda da buroshi da kanka, ka kuma sa wani abu a ambulan ko jika biyar ce ka ba shi a matsayin kuɗin aiki. Wanda aka biya ana iya ce masa a gyara nan, wanda ya yi kyauta kuwa sai godiya, kuma gyara za a yi ba sau ɗaya ba. Sunansa ya fito a jerin waɗanda suka yi wasan da kuma cikin dogon bayanin shafi, tare da cewa da hannu aka zana a Damagaram. Ku kuma rubuta ƴar takarda ku uku, kai da shi da abokinka: ya yarda a yi amfani da zanen a wasan da tallansa, ga abin da aka ba shi yanzu, ga kason da zai samu in wasan ya kawo kuɗi. Valve tana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na ciniki, saboda haka ku rubuta cewa daga abin da ya iso hannunku za a lissafa kason, ba daga farashin da ke kan shafi ba. Kowa ya sa hannu, a sa babba ɗaya na gida ya shaida, kowa ya riƙe kwafinsa.